Tsohuwar mai ƙafa uku don aikin gona: Big Red, Ape ko Cushman?

Mai neman tsohuwar mai ƙafa uku yakan fara da tambayar ƙarfin inji da shan mai, alhali abin da zai iya karya masa ƙugu yana tsakanin tayoyin baya. Duk abin hawa mai taya ɗaya a gaba da biyu a baya, faɗinsa a baya yake, gaban kuwa tsukakke ne. Ka taka birki kana cikin kwana, nauyi zai zubo gaba ya karkata waje, daidai inda babu tayar da za ta tare shi, tayar baya ta ciki ta ɗaga sama. Wannan hali ya haɗa su duka. Inda suka rabu shi ne yadda kowace take shan kwana da inda take ɗaukar kaya, kuma a nan ya kamata ciniki ya fara.

Honda ce ta fi suna a gonakin Amurka. A 1970 kamfanin ya fito da US90, ƙaramin babur mai inji cc 89 da manyan tayoyi masu taushi, daga baya aka riƙa kiran jinsin ATC. Manoma suka ga yana ratsa laka da yashi inda mota ke kafewa, kamfanin ma ya lura, sai ya yi musu Big Red a 1982: inji cc 192, sitata, kariyar ɗaukar kaya gaba da baya, da ƙaramar giya ta jan kaya. Samfurin 200ES na 1984 ya zo da ribas, aka kuma maye sarƙa da shaf, wato sandar ƙarfe mai juya tayoyin baya. Sai 250ES na 1985 zuwa 1987, mai cc 246 da shokazoba a baya. In har Big Red za ka saya, wannan na ƙarshen nake ba da shawara, don sarƙa da ƙurar gona ba sa shiri, kuma ribas kan raba ka da jan babur da hannu a ƙarshen kunya.

Sai dai ka san abin da kake hawa. Tayoyin bayan Big Red a kan ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, babu difaransha, wato na'urar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Don haka ko ka murɗa kai, babur ɗin miƙewa yake so ya yi. Gwanayensa sukan danne matakin ƙafa na waje, su karkata jiki ciki, tayar ciki ta yi sauƙi ta ɗan zame, sannan ya juya. Wanda ya saba da babur mai ƙafa biyu shi ya fi shiga haɗari, don da ya ji tangal-tangal zai sauke ƙafa ƙasa, tayar baya kuwa tana nan dab da dugadugansa, ta take ƙafar ta fizgo shi. A hawan tudu ma, da ƙaramar giya da kaya a kariyar baya, gaba kan tashi ya wuntsilo kan mai shi, ga shi nauyin babur ɗin ya haura kilo 150. Yawan mace-mace da raunuka, da dama a cikinsu yara, shi ya sa a 1988 gwamnatin Amurka da kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan babura suka yi yarjejeniyar daina sayar da sababbi. Ban yarda a ba yaro shi ba ko da zagayen gida ne. In ka ci karo da Kawasaki KLT200 na 1981, ka tsaya ka duba, yana da difaransha da ake kullewa a laka a buɗe a tsandauri, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, ko da yake kayan gyaransa sun fi na Honda wuyar samu.

Ape ta Piaggio dabam take tun daga tushe. A 1948 aka fara yin ta a Italiya da injin Vespa cc 125, don ƙananan manoma da 'yan kasuwa da ba su da kuɗin mota bayan yaƙin duniya na biyu, kuma har yau ana ganin ta tana kwasar zaitun da inabi a siraran hanyoyin ƙauyukansu. Ita ce kakar Keke Napep ɗinmu, don da lasisin Piaggio Bajaj ta fara yin nata a Indiya. Tana da difaransha, tana da bodi da rumfar direba, saboda haka kwana ba ta yi mata gardama, kuma ba a tuƙa ta da murɗa jiki. Ape 50 ta 1969 ta yi ƙanƙanta ga buhunan taki. Wadda ta dace da gona ita ce TM da ta fito a 1982, mai injin fetur cc 218 irin wanda ke ƙona mai haɗe da baƙin mai, ko mai gas, wato dizal, cc 422 da ta biyo baya, kuma tana ɗaukar wajen kilo 700.

Rauninta ƙananan tayoyi ne da kusanci da ƙasa. A burji ko hanyar gona mai ƙwari ba ta da tsara a cikin ukun nan, amma a yashi ko fadama tayar da ta rasa riƙo ita za ta yi ta wulwulawa, ɗayar na tsaye. Lodi kuma shi ne komai. Buhu ya zauna ƙasa-ƙasa, a matso da shi jikin rumfa. Ka tara shi bayan tayoyi, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Ka yi masa tozo sama, kwanar farko ta kifar da kai. Kada kuma ka ɗauka kayan Keken da ke kasuwa za su shiga tsohuwar Ape ta Italiya kai tsaye, dangantakar ta yi nisa.

Cushman Truckster, da aka riƙa ƙerawa a Lincoln ta jihar Nebraska tun shekarun 1950, tana zama daram saboda faɗi da nauyi, wasu ma bodinsu na juye kaya kamar tifa. Amma don filayen golf da harabar masana'antu aka yi ta, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take so, kuma da yawa daga tsofaffin injin OMC gare su, kamfanin da ya durƙushe a 2000. Sai mai gidan gonar kaji ko lambu mai shararriyar hanya, wanda kuma yake da hanyar samo kayan gyara daga waje.

Ranar dubawa, je da bakanikenka da jak. A ɗaga baya, inji a kashe, giya a ciki, a juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya-baya, akwai difaransha. A girgiza kowace taya a ji ko boris ya ci. A leƙa wuyan da ke riƙe tayar gaba, in ka ga sabuwar walda ko fenti a wurin kaɗai, ta taɓa cin karo, ka haƙura da ita ko da an karya farashi. A Big Red, zagaya tayoyin baya da igiya ka gwada, in ɗaya ta fi ɗaya girma zai riƙa ja gefe. Iskarsu bai fi awo 2 zuwa 3 na psi ba, kuma mai faci da ya saba da tayar mota zai ɗura musu ninkin haka sau goma in ba ka tsaya a kansa ba, babur ya koma tsalle-tsalle.

In aikin naka zagaya gona ne da jan 'yar tirela a ƙasa mai taushi, Big Red 250ES, da hular kwano, kai kaɗai ba goyo, kuma in gonar tana da gangara ka ƙara kuɗi ka nemi mai ƙafa huɗu. In kuwa kwasar amfanin gona ne zuwa bakin titi, Ape TM. Kafin ka biya kuɗin jirgi da na kwastan a kanta, je ka taya sabuwar kurkura a kasuwar garinku, ka haɗa lissafin biyun har da kuɗin kayan gyara na shekara guda.