Ofishin da ya auna tasirin rijiyoyinmu: inda ya gamsar da ni da inda ya gaza

Kamfaninmu a nan Damagaram yana haƙa rijiyoyin burtsatse tare da kafa famfo mai aiki da hasken rana. Masu ba mu kwangila, galibi ƙungiyoyin agaji da hukumomin gundumomi, sun fara neman mu nuna musu a rubuce irin gudummawar da ayyukanmu ke bayarwa ga muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda wa'adinsu zai cika a 2030. Dalili ke nan da ya sa muka ɗauki wani ofishin bincike na Yamai domin ya auna mana.

Tun a zaman farko suka ƙi yarda mu jingina aikinmu ga kowane muradi da muka ga dama. Sun tsayar da mu a kan guda uku: na 6 da ya shafi ruwa da tsafta, na 7 da ya shafi makamashi, da na 5 da ya shafi mata, tunda a kansu wahalar ɗibar ruwa take.

Yadda suke ƙidaya masu amfana ne ya fi gamsar da ni. Al'adar da aka saba ita ce a ɗauki yawan mutanen ƙauye gaba ɗaya a ce duk sun sami ruwa ranar da aka buɗe famfo. Su kuwa sun bi ma'aunin hukumar lafiya ta duniya da UNICEF, wanda ya ce ba a lissafa gida cikin masu samun ruwan sha na yau da kullum sai idan zuwa, da jiran layi, da dawowa ba su wuce minti 30 ba. A wani ƙauye ta wajen Mirya, ma'aikaciyarsu ta zauna gindin famfo tun hantsi da agogo a hannu, tana lura da jarkunan da aka jera, sannan ta karɓi littafin kwamitin ruwa ta duba ranakun da ba a sayar da ko jarka ɗaya ba, domin nan ne ake gane lokacin da famfo ya tsaya. Adadin da suka fitar bai kai namu ba, amma adadi ne da zan iya karewa a gaban kowa. A yankin da dutsen ƙarƙashin ƙasa ke hana ruwa taruwa, har birnin Damagaram kansa yake dogaro da ruwan da ake janyowa daga Gogo da Arunguza, rijiyar da ke raguwa da bazara ba abin ɓoyewa ba ce.

Lissafinsu na hayaƙin da aka rage ta hanyar barin injin gazuwal bai gamsar da ni ba, domin sun gina shi a kan zato, har da ƙauyukan da ba su taɓa mallakar inji ba.

Babbar gazawarsu ita ce rahoton. An rubuta shi da Faransanci kaɗai, cike da jadawali, ba a kuwa koma wa mai gari da ƴan kwamiti da sakamakon ba, alhali matan da aka tsayar ana yi musu tambayoyi su ne suka ba da lokacinsu. Haka kuma ziyarar ta faɗo cikin damina, lokacin da tafkuna ke cike kuma layi ya yi sauƙi, ga kuɗin aikin da nauyi ga ƙaramin kamfani irin namu.

Duk da haka zan sake ɗaukar su, bisa sharaɗi biyu da zan sa cikin yarjejeniya: su zo a watan Afrilu ko Mayu, kuma su yi wa mutanen kowane ƙauye bayanin sakamakon da Hausa a bainar jama'a kafin a biya su kashin ƙarshe.