Hantsi ko Ƙwayar Bitamin D: Amsa ga Hajiyarmu ta Jidda

Hajiya, kin ce gwajin jini ya nuna bitamin D ɗinki ya yi ƙasa, ga ciwon ƙashi ga kasala. Kina tambaya ko hantsi ya ishe ki ko sai kin sha ƙwaya, kina kuma mamakin yadda za a rasa shi a ƙasar da rana ke gasa mutum haka.

Fata ce ke haɗa shi, amma sai rana ta taɓa ta kai tsaye. Gilashin taga yana tare irin hasken da ake buƙata, tufafi ma haka. To dubi zamanmu: daga ɗaki mai mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) zuwa mota, kasuwa kuma sai bayan Isha'i. Ranar da ta fi amfani ita ce ta wajen tsaka, wadda a nan Saudiyya hukuma ma takan hana ma'aikata aiki a cikinta daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ga shi baƙar fata irin tamu ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana. Alherin hantsi dai kyauta ne, kuma fata ba ta haɗa fiye da kima.

Ita ƙwaya kin san adadin da kika haɗiye. Babba na buƙatar IU 600 a kullum (IU shi ne ma'aunin bitamin ɗin da ake rubutawa a jikin kwalin magani), wanda ya haura shekara 70 kuma 800. Mai ƙaranci sosai likita kan rubuta masa ta 50,000, guda ɗaya a mako, na 'yan makonni. Nan ne hankalina ke tashi, don na san masu shan wannan babbar kullum, wai don su warke da wuri. Don Allah kada ki yi. Jiki yana ajiye bitamin D a kitse, in ya taru sinadarin kalsiyam ya hau a jini, ƙoda ta sha wahala. Kada a wuce 4,000 a rana sai da izinin likita.

Masu cewa ƙwayar rigakafin kowace cuta ce, bincike bai goyi bayansu ba. A binciken VITAL na Amurka an bi mutum kusan 26,000 shekara biyar, rabinsu na shan 2,000 kullum. Sakamakon 2018 bai nuna raguwar kamuwa da sankara ko ciwon zuciya ba, na 2022 kuma bai nuna raguwar karaya ba. Sai dai yawancinsu dama ba su da ƙaranci.

Ke kuwa kina da shi, don haka a ganina ƙwaya ce maganinki, hantsi mataimaki. Ki sha ta da abinci mai ɗan maiƙo, ki ƙara da kifin sardin da gwaiduwar ƙwai, ki riƙa hawa rufin gida da safe in akwai sutura. Bayan wata uku ki koma a sake auna jinin. Allah Ya ba ki lafiya, Hajiya.