Shafin CWGC: a nan na gano ƙanin kakana

Jama'a duk wanda yake da kaka ko ɗan uwa da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, don Allah ya gwada shafin Commonwealth War Graves Commission (CWGC), hukumar da ke kula da kaburbura da sunayen sojojin ƙasashen Commonwealth, kyauta ne ko sisi ba a biya. Suna da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 da suka rasu a yaƙin duniya na 1 da na 2, har da namu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Ni ƙanin kakana na nema. Na sha wuya da farko, don akawun soja na lokacin yadda kunnensu ya ji suna haka suke rubutawa, Mamman ya koma Momo, kuma da yawa sunan garinsu aka maƙala musu, sai da kawu ya tono wata tsohuwar takarda mai lambar sojansa sannan ya fito tsaf, muƙaminsa, bataliyarsa, ranar rasuwarsa a 1945. Ba shi da kabari, sunansa na jikin bangon tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan da ke ƙasar Bama, tare da kusan mutum 27,000. Wallahi da na karanta wa gwaggo sai da ta yi hawaye.

Bayanin lambar yabo dai ba a nan yake ba, kuma Burma Star, wato lambar yabon yaƙin Bama, galibi ba a zana suna a bayanta, don haka lambar soja za ku fara nema a gida. Satifiket ɗin tunawa da shafin ke bayarwa kuwa na sauke, mun buga mun sa a firam. Allah ya jiƙansu.