Ɗanyen abinci, damuwa da tumbi: abin da ake sayarwa a Ingila da abin da ke gida

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa.

Saƙon da ke yawan zuwa daga gida kwanan nan na tsarin cin ɗanyen abinci ne, da kwalaben maganin da ake cewa suna gyara adirenal, wato 'yan halittun da ke saman ƙoda, waɗanda wasu ke roƙon a sayo musu daga nan Ingila. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: mutum ya bar tuwo da shinkafa, ya koma 'ya'yan itatuwa da ganye, hannu da cinya sun zube, tumbi kuwa yana nan daram, ko ma ya ƙaru. Sai a ce masa damuwa ce ta gajiyar da adirenal ɗinsa. Kafin kowa ya turo kuɗinsa, ga yadda kasuwar take a nan.

Ƙa'idar masu wannan tsari ita ce kada abinci ya ji zafin da ya wuce digiri 48 a ma'aunin Celsius. Kan wannan ƙa'ida aka gina kasuwa guda. Akwai injin markaɗe irin su Vitamix da kuɗinsa ya kai ɗaruruwan fam, da injin tatse ruwan kayan lambu, da akwatin lantarki mai busar da yankakken abinci cikin sa'o'i masu yawa, aikin da rana da iskar hunturu ke yi wa kuɓewa da tumatir a kan tabarma kyauta. Kayan da ke kan kanta kuwa namu ne. Garin ƙwallon kuka, wanda Tarayyar Turai ta amince a sayar a 2008, da garin zogale, da aya, da zoɓo, da riɗi, duk ga su cikin 'yan ƙananan ledoji da tsada. Ta wannan fuska babu abin da za a aiko muku. Inda suka fi mu shi ne rubutun da ke jikin leda: doka ta tilasta a faɗi kalori da sukari da maiƙo da furotin da ke cikin kowane giram 100. Wannan rubutu ya fi injinan duka amfani.

Wanda ya riƙe ɗanyen abinci zalla, ramewa yake yi. Wani bincike da aka yi a Giessen ta Jamus, aka buga a 1999, ya duba mutum 513 da suka daɗe a kan tsarin: maza sun zubar da kusan kilo 10, mata kilo 12, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. To in ciki na girma a kan irin wannan abinci, akwai dalili, kuma ana iya gano shi da tef ɗin tela.

A auna ƙugu da safe bayan an zaga, kafin a ci komai, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi ba tare da shanye ciki ba. A sake aunawa da daddare, a yi haka mako guda. In ciki a lafe yake da safe, ya cika tim da yamma, wannan iska ce. Ɗanyen kabeji da albasa da tuffa da mangwaro da busassun 'ya'yan itace suna ɗauke da harza da nau'in sukarin da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa duka, sai ƙwayoyin bakteriya da ke babban hanji su ruɓar da su, iska ta taru. Maganinsa rage yawa, tauna sosai, da turara ganyen. In kuwa awon safe ne ke hawa wata bayan wata, kitse ne. Tun 2022 shawarar NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin nan ƙa'idojin aiki, ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85.

Daga ina kitsen yake zuwa alhali ba a cin tuwo? Daga kofi. A lissafa haɗin da ake markaɗawa da safe: ayaba biyu kalori 210, manyan dabino huɗu irin na Medjool kusan 265, cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa 190, cokali ɗaya na man kwakwa 120. An doshi 800, a kurɓe cikin minti biyar, alhali abin da mace ke buƙata a yini bai wuce kimanin 2,000 ba. Yazawa da almon suna da kalori 550 zuwa 600 a giram 100, kuma ba wuya a cinye hakan ana kallon waya. Ruwan 'ya'yan itace da aka tace an raba shi da harzarsa, saura sukari, shi ya sa NHS, hukumar kula da lafiya ta nan, ta ce kada ya wuce mililita 150 a rana.

Sai matsalar furotin, wadda na fi ganin ana raina ta. Mai nauyin kilo 70 yana buƙatar sama da giram 50 a yini. Ayaba ɗaya giram ɗaya ke cikinta, ƙwai ɗaya giram shida, kofin dafaffen wake kusan goma sha huɗu. In furotin ya gaza, jiki kan ci tsokarsa. Cinya da damtse su zube, tsokar bangon ciki ta saki, tumbi ya fito ko da sikeli bai motsa ba. Ga kuma yunwar da ake dannewa yini guda, wadda kan fashe da tsakar dare a kan biredi da biskit.

Batun damuwa gaskiya ne, sai dai ba kamar yadda 'yan talla ke faɗa ba. Adirenal wasu 'yan halittu biyu ne da ke zaune a saman ƙoda, kowace ba ta fi giram biyar ba. Su ke fitar da sinadarin kotisol bisa umarnin ƙwaƙwalwa: yana hawa ƙololuwa kamar rabin sa'a bayan farkawa, ya yi ƙasa sosai da tsakar dare. Aikinsa tura sukari cikin jini da riƙe bugun jini don jiki ya fuskanci wahala. In wahalar ta ƙi ƙarewa, yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana cin tsoka, kuma kitsen da ke cikin ciki kewaye da hanji ya fi na cinya amsa kiransa. Yunwa ita ma wahala ce a wurin jiki. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2010 ya nuna matan da aka taƙaita wa abinci zuwa kalori 1,200 na mako uku kotisol ɗinsu ya ƙaru. Rashin barci ma haka: a wani gwaji na 2004 a Chicago, dare biyu na barcin sa'a huɗu ya ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa da kashi 28 cikin ɗari. Ku dubi 'yan uwanmu masu aikin dare a gidajen kula da tsofaffi, ga kuɗin haya, ga takardun zama, ga buƙatun gida, sannan a ɗora musu ɗanyen ganye da sanyi. Irin wannan jiki barci yake nema da abinci mai ɗumi. Adirenal ɗinsa lafiya lau take, aikin da aka sa ta take yi.

Cutar da ake kira gajiyar adirenal, wani mai suna James Wilson ne ya raɗa mata suna a 1998, kuma ƙungiyar likitocin fannin sinadaran jiki irin su kotisol ta Amurka ba ta yarda da ita ba. A 2016 wasu likitocin Brazil biyu suka tattara bincike 58, ba su sami hujjar cewa akwai ta ba. Duk da haka ana sayar da gwajin miyau ta intanet, mutum ya tofa sau huɗu a yini ya aika ta gidan waya, sakamako ya dawo tare da jerin kwalaben da zai saya. Kwalaben su ne abin tsoro. A Amurka, dokar 1994 ba ta buƙatar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ta amince da irin waɗannan kafin su shiga kasuwa. A 2018 aka gwada iri goma sha biyu a ɗakin bincike: dukansu na ɗauke da sinadarin maƙoshi wanda sai likita ke ba da shi, yawancinsu kuma da sitiroyid, wato sinadarai dangin kotisol. Wasu na da saiwar likoris, wadda ke hawar da jini tana zubar da fotasiyam, ga mu kuma da yawan hawan jini. Saiwar ashwagandha da ake yayi, Denmark ta hana sayar da ita a 2023. Kada a sayo wa kowa waɗannan.

Abin da ya cancanci kuɗi ƙwaya biyu ne masu araha. Bitamin B12 babu shi a tsiro, don haka wanda ya bar nama da ƙwai da nono sai ya sha maikrogiram 10 kullum ko 2,000 sau ɗaya a mako. Rashinsa na kawo kasala da dindiris a ƙafa, irin alamomin da ake jingina wa adirenal. Na biyu bitamin D, maikrogiram 10 a rana. Wannan matsalar mazauna nan ce, don ranar Ingila ba ta samar da shi daga Oktoba zuwa Maris, kuma mai baƙar fata ko mai rufe jiki an ce ya sha duk shekara.

Ta fannin asibiti, ganin likitan unguwa da gwajin jini ba a biyan komai a wurin, ko da yake mai biza ya riga ya biya fam 1,035 na kowace shekara, kuma a Ingila kowane magani a takardar likita fam 9.90 ne. Aibin asibitocin nan jira. Likita zai fara da gwajin ƙarancin jini, da sukari, da maƙoshi, da B12. In yana zargin adirenal ta gaza, wato cutar da Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, sai a ɗebi jini tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe. Kotisol ƙasa da 150 a ma'auninsu na nanomol abin dubawa ne da gaggawa, sama da 300 kuwa da wuya cutar ce. In ya faɗa tsakani, a yi allurar Synacthen, a sake ɗibar jini bayan minti 30 a ga ko adirenal ta amsa. Alamominta rama, jiri in an miƙe, kwaɗayin gishiri, da duhun fata, wanda a jikinmu sai a duba dasashi da layukan tafin hannu. Ba ta kawo tumbi. A ƙasashenmu tarin fuka ne kan gaba wajen haddasa ta.

Mai kawo tumbi ita ce kishiyarta, cutar Cushing, inda kotisol ya yi yawa: fuska ta yi zagaye, kitse ya taru a bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance, nanƙarwa mai faɗi ta fito a ciki, tashi daga tsugune ya gagara. Gwajinta ƙwayar dezametason miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini da safe. Lafiyayye kotisol ɗinsa zai sauka ƙasa da 50. Ƙwayar tazarar haihuwa mai estrojin na ɓata sakamakon, aikin dare kuma na ɓata gwajin miyau na tsakar dare, don haka a sanar da likita. Akwai likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Mace kuma in ciki na girma da tauri, a yi hoto tukuna, don ƙarin mahaifa ko ruwan ciwon hanta ba a gane su da tef.

Game da abinci, shawarata a raba faranti: rabi ganye, ɗanye ko turararre, sauran dafaffen wake ko kifi ko ƙwai da ɗan tuwon gero ko acca. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli ya fi yawancin abin da ke kantunan nan. Akwai abin da ba a ci ɗanye ko kusa. Jan wake sai ya tafasa sosai aƙalla minti goma, rogo mai ɗaci na da guba, kuma tsiron hulba ne ya yaɗa cutar da ta kashe mutum sama da 50 a Turai a 2011, galibi a Jamus. A gida, inda kwalara da taifot ke biyo ruwa, latas da kabeji sai an wanke da ruwan da za a iya sha.

Bambancin da ya fi damuna tsakanin nan da gida shi ne na sitiroyid. A nan ba a ba da dezametason ko firednisolon sai da takardar likita, kuma wanda ya sha miligiram 5 na firednisolon na mako huɗu ko fiye ana ba shi katin gaggawa ya riƙa yawo da shi. A gida ana samun su a kemis da tallan bakin kasuwa, a cikin haɗin sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba, da haɗin ciwon gaɓoɓi, da mayukan bilicin masu kilobetasol da ke ratsa fata. Maganin sitiroyid shi ne babban sanadin Cushing a duniya. Ƙibar da yake kawowa ta fuska da ciki ce, tare da ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Dezametason miligiram 0.75 kacal daidai yake da firednisolon miligiram 5. Yayin da ake sha, ƙwaƙwalwa na daina umartar adirenal, sai ta kwanta ta motse. Wanda ya yanke shan sa rana ɗaya, ko da niyyar wanke jiki da ɗanyen abinci ne, yana iya faɗawa cikin amai da gudawa da faɗuwar jini har suma, kuma abin da ke ceto shi ne allurar haidrokotison miligiram 100 da ƙarin ruwa nan take. Duk wadda ta san ta yi makonni tana sha ko shafawa, ta ɗauki kwalin ko kwalbar ta kai wa likita, a tsara mata ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, kuma in zazzaɓi ko amai ya kama ta a tsakani, ta faɗa wa duk ma'aikacin da ya karɓe ta cewa tana kan sitiroyid.