Kajiji zaki saya? Ki duba wannan tukuna

Masu haɗa turaren wuta da humra don Allah ku daina karɓar duk garin da aka ƙulla muku a leda aka ce kajiji ne. Iri biyu zaki tarar a kasuwa, ko Kurmi ta Kano ko Monday Market ta Maiduguri, akwai dakakke akwai kuma guda-guda, wato saiwar yadda aka tono ta aka shanya, ni dai shawarata ki ɗauki guda-gudan. Dakakken ya fi sauƙi kam ba ruwanki da turmi, amma fa in ya zama gari babu yadda zaki gane abin da aka cakuɗa ciki kuma ƙamshin bai cika daɗewa ba.

Guda-gudan ki ce mai kaya ya fasa miki ɗaya a gabanki. Bayansa duhu-duhu ne da 'yan gasu a jiki, ga tauri, cikin ya fi haske, kuma ƙamshin take zai bugo hancinki ba sai kin yi ta shinshina ba. In kinji warin danshi ko kika ga fari-fari na fumfuna ki ajiye, bai bushe ba aka zuba a buhu.

Ita ciyawar a bakin tafki da fadama take fitowa, inda ruwa ke kwanciya, irin yankin Hadejia zuwa Nguru da gefen tafkin Chadi. Karanta dogo ne mulmulalle kore shar, kusan babu ganye, in ya bushe kika shafa da yatsa zaki ji gaɓa-gaɓa a jikinsa. Aya-aya 'yar uwarta ce shi yasa ake rikita su, amma ita gajera ce, karanta kusurwa uku gareshi kuma a gona take damun mutane, 'ya'yanta sun fi ƙanana. Kachalla kuwa daban take gaba ɗaya, ganye mai faɗi da kai kamar zangarniyar gero, ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a can Hadejia da Nguru har masunta da manoma ke kuka da ita.

In ruwan randa kike so ki ƙamsasa to saiwar jema zaki nema, sirara ce dogaye. Na turare dai kajiji, ki sayi kaɗan ki gwada a kasko kafin ki auni mudu, ki adana a kwalba mai murfi nesa da laima.