Motar da ke taka birki ba da izinina ba

Duk mai shirin sayen irin motocin nan na Kwatano masu allo a gaba da maɓallin tayarwa, ya tsaya ya ji nawa tukuna. Sanyin esi dai ba a magana, ko a zafin Afirilu na Sakkwato da ke haura digiri 40. Ba ta kuma shan mai sosai.

Ranar da ta fita raina muna hanyar Tambuwal za mu ta'aziyya, lokacin hunturu, ƙura ta turnuƙe. Mun ɗan wuce Bodinga sai na ji tit-tit-tit, kafin in ankara mota ta danne birki da kanta, ƙafata kuwa tana kan totur. Ba saniya, ba raƙumi, ba kowa a gabana. Mai ɗakina ta daki kujerar gaba da goshi, yara suka fashe da kuka, ga tirela a bayanmu. Allah ne ya sa direban ya kauce, ya wuce yana auna mini zagi ta taga.

Makaniken da ke duba mini mota tun ina jan Peugeot 504 ɗin Kaduna ya buɗe bonet, ya leƙa, ya rufe. Ya ce, "Alhaji, wanga ba aikin sifana ba na, sai mai kwamhuta." Mai kwamfutar ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce akwai rada a bayan tambarin gaba da kyamara a jikin gilashi kusa da madubi, su ke gaya wa motar akwai abu a hanya. Mazaunin radar ya karkace, wataƙila ramuka ne, wataƙila an taɓa sauya bamba kafin a sayar mini, ga ƙura ta lulluɓe ta. Ya goge, ya karɓi kuɗinsa, ya ce saiti sai Kano ko Abuja.

Ana iya kashe tsarin a allo, amma da ka sake tayar da mota sai ya dawo. Kullum da safe sai na tuna, in na manta gabana ya yi ta faɗuwa har in isa kasuwa.

Ɗana na ta ba ni labarin tasin Waymo da ke ɗaukar fasinja ba direba a birnin Finiks na Amurka tun 2020. Na ce a kawo ta shataletale lokacin tashin makaranta, tsakanin 'yan kabu-kabu da masu keke napep, mu gani. Tawa ma layin fenti take nema a kwalta don ta riƙe hanya, inda ya goge kuwa sai ta rikice.

Da na ce zan haƙura in riƙe ta, don a cikin gari tana da daɗin tuƙi. Sai ga shi tsakuwa ta tsaga gilashin gaba, aka ce in an sauya shi kyamarar ma sai an yi mata nata saitin, da kuɗinsa daban. Na riga na yi wa dillali magana.