Baka mai laba 25 ko mai laba 50, ga tawa amsar

Malam, kan maganar wanda zai gyara maka saiti da natsuwa a cikin biyun nan, ɗauki mai laba 25 ɗin kawai. Laba a nan ma'aunin nauyin jan tsirkiyar baka ne, ba nauyin bakan kansa ba.

Nawa irin wanda ake kwancewa gida uku ne, kuma wallahi shi ya koya min harbi. Bayan sallar asuba kafin hayaniyar Agege ta tashi nake fita bayan gida, in jingina buhu cike da tsummoki a bango, tazarar mita 5 kacal, ko zanen saiti babu a jikin buhun, in ja tsirkiya har ɗan yatsana ya taɓa gefen bakina, in riƙe in ƙirga uku a zuci ina sauke numfashi a hankali sannan in saki. Da yake bakan ba ya kokawa da ni, hankalina na kan kafaɗa da sakin, ba kan yaushe zan rabu da wannan nauyi ba. Daga baya na manna murfin kwalba a buhun, shi kaɗai nake zuba wa ido, ba tsinin kibiya ba. Ranar da na fara matsawa mita 18 kibiyoyin suka taru waje ɗaya har na cafko su da hannu guda, wani dattijo maƙwabcina da ke leƙe ta katanga ya ce kai Alhaji ashe ka haɗa dangi da maharba.

Mai laba 50 kuwa, to, ƙarfi dai akwai, kibiya na tafiya a miƙe. Amma hannu zai yi ta rawa ka riƙa saki tun ba ka kai gefen baki ba, in wannan ya zame maka jiki kuwa fitarsa sai an sha wuya. Nawa mai laba 50 ɗin yana can rataye yana shan ƙura.

Sai ka yi hattara da masu tallar nan na Instagram, wasu lambar da ke jikin bakan daban nauyin jansa daban. A jan inci 28 ake auna laba, saboda haka tafi da ɗan sikelin nan na auna jakar tafiya ka gwada nauyin jan da shi a gaban mai sayarwa, ka kuma hango bakan ta tsaye ko ya murɗe. Wanda ya ja tsirkiya ya saki ba kibiya wai yana nuna maka ƙarfi, kar ka saya, haka ake tsaga baka. Kuma kar ka tura ko sisi sai kaya sun zo hannunka.